Mita Arba'in da Ɗaya

Litinin, 3 ga wata

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da Anti da yara. Mu nan lafiya lau muke. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har tana zagaya tsakar gida ba sanda. Tana gaishe ka, ta kuma ce in tambaye ka ko lambarta ce ta ɓace a wayarka.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a wannan zamani. Sau uku ina kiranka kan maganar nan, sau ukun duk kana cikin taro. To, ita takarda ba ruwanta da taro, za ta zauna a kan teburinka har ka gaji da ganinta. Kuma ka san yadda Baba, Allah ya jiƙansa, ya kafa ƙungiyarmu ta masu harba roka: duk maganar da ta shafi littafin da muke rubuta nisan kowane harbi, a rubuce ake yin ta.

Asabar da ta wuce mun fita tudun da muke harbi. Roka shida aka harba, biyar daga ciki ba abin da zan ɓata tawada a kansu. Ta shida ta Tela ce. Ina fata ba ka manta da shi ba, dattijon da ya shekara ashirin yana ɗinka wa kowa laimar da roka ke saukowa da ita, har da taka. Shekara biyu ya yi yana haɗa tasa a bayan shagonsa, tsakanin keken ɗinki da teburin guga. Idanunsa sun kusa ƙarewa, likita ya gaya masa gaskiya, kuma 'ya'yansa za su zo su tafi da shi wurinsu ƙarshen watan nan. Wannan ne harbinsa na ƙarshe, shi ma ya sani.

Rokar ta tashi sak, ko karkata ba ta yi ba, har ta ɓace mana. Sai can muka hango laimar ta buɗe. Mun tsince ta a bayan busasshen rafin nan, gyare yana ta kuka a cikinta. Tunda ka daɗe da barinmu bari in tuna maka, gyare ita ce 'yar na'urar da Baba ya ƙera don auna nisan da roka ta yi sama, ya raɗa mata suna saboda kukanta. Muka durƙusa mu uku, ni da Tela da Safiyo mai awon fili, muka kasa kunne muna ƙirga kukan: ɗaya, huɗu, takwas, ɗaya. Mita 1,481. Na rubuta a littafin, a ƙarƙashin lambarka, wadda ta shekara goma sha ɗaya a saman shafi da rubutun Baba: mita 1,508. Saura ashirin da bakwai ya kamo ka. Tela ya yi murmushi, ya ce Allah bai nufa ba, ya zauna a ƙasa yana ninke laimarsa a hankali kamar kayan da mai su zai zo karɓa.

Da a nan maganar ta tsaya, da ban dame ka ba. Amma ranar Lahadi Inna ta share ɗakin Baba, ta ba ni wani kwali na tarkace. A ciki na sami tsohuwar wayarsa. Na kai ta shagona, na sa mata batir, ta kawo. Akwai bidiyon ranar da ka yi harbinka, Yaya, wanda wani ɗan ƙungiya ya ɗauka da ita. Ga ka nan a gindin tudu kusa da mota, roka a kafaɗarka, kana dariya haƙora duk a waje. Na ƙara murya, sai na ji gyare yana kukan da yake yi idan an kunna shi. A gindin tudu, tun ba ka fara hawa ba.

Ka fi ni sanin abin da wannan ke nufi. Gyare ba shi da wayo, duk inda aka kunna shi nan ne sifilinsa. Shi ya sa Baba yake ta nanata cewa ba a kunna shi sai roka tana tsaye a kan sandar harbi. Na roƙi Safiyo ya ɗauko kayan aikinsa na awon fili, muka je ya auna daga inda muke ajiye mota zuwa saman tudu. Mita arba'in da ɗaya. Wato mita arba'in da ɗaya daga cikin abin da kake taƙama da shi, ba roka ce ta tashi ba, ƙafafunka ne suka hau. Idan an cire, abin da ka yi 1,467 ne, Tela ya wuce ka da goma sha huɗu.

Ba zan iya gyara littafi da kaina ba, ko da yake a hannuna yake. Dokar Baba tana nan a shafin farko: ba a soke layi sai wanda ya yi kuskuren ya sa hannu. Ga takarda nan na haɗa a ciki, na rubuta komai, wurin sa hannu kawai na bar maka. Taron shekara ranar 28 ne, Tela zai tafi washegari. Ban gaya masa komai ba, don ba na son in sa wa tsoho rai a banza.

Ka gaida Anti da yara.

Ƙanwarka,
Auta


Laraba, 12 ga wata

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, da fatan kowa lafiya a gidanka. Mu ma lafiya, in ban da Inna da ta kwana biyu ba ta cin abin kirki, kuma ka san dalili.

Saƙonka ya iso, layi biyar a waya, babu ko sallama. Ashe kana da lokacin rubutu. Na karanta shi sau uku, na kuma karanta wa Safiyo wurin da ka ce ƙila gyaren daji ne yake kuka a bidiyon. Dariya ta kusa kayar da bawan Allah daga kan benci. Gyaren daji da tsakar rana, yana kuka sau biyu ya huta daƙiƙa biyar, sau biyu ya huta daƙiƙa biyar? Lallai wannan gyare ya yi karatu a wurin Baba.

Duk da haka ban raina maganarka ba, na gwada. Na ɗauko tsohon gyaren, shi wanda ya tashi a rokarka, na kunna shi a gindin tudu, na sa a aljihu na hau har sandar harbi, na sauko. Ya ƙirga mini huɗu da ɗaya. Na sake hawa, ya ce arba'in. Na uku ya koma arba'in da ɗaya. Gwiwoyina har yau ba su yafe mini ba.

Sai maganar da ka yi cewa ina tone kabarin Baba, wai ina ƙaryata rubutun hannunsa. Wannan ta yi mini zafi, ba zan ɓoye maka ba. Kai ne za ka koya mini darajar rubutun Baba? Wa ya zauna da shi wata huɗu a asibiti yana karanta masa littafin nan shafi bayan shafi, don shi kaɗai ne abin da yake sa shi murmushi? Kai ka zo sau biyu, ka tsaya a bakin gado da makullin mota a hannu. Baba ya rubuta abin da gyare ya gaya masa, bai yi ƙarya ba. Kunnensa na hagu ya daɗe da mutuwa, kuma ranar yana can nesa wajen akwatin harbi yana jan wayar wuta. Da ya ji, da kansa zai sa a kashe a sake kunnawa, ka sani na sani.

Ka kuma ce hassada ce. To, me zan yi wa hassada? Takardar yabon da ka sa a gilashi a ofis ɗinka, wadda kake nuna wa duk baƙon da ya shigo? Anti ta gaya mini har a taron makarantar yara ka tashi ka ba da labarinta. Shekara tara rabonka da taɓa roka. Ka ɗauki lambarka ka tafi, ka bar mini littafi da gyaran batir da cika takardun neman izinin harbi. Ni ko sau ɗaya ban taɓa harba tawa ba, kullum ina durƙushe ina ƙirga kukan na wasu. Ban yi ƙorafi ba, Baba ne ya miƙa mini littafin da hannunsa, kuma ina alfahari da cewa tun ranar ba a taɓa kama kuskure ko ɗaya a aikina ba.

Abin da ba zan yafe maka da wuri ba shi ne kiran Inna. Maganar ƙungiya ce, me ya kawo tsohuwa ciki? Ka bar ta tana kuka, wai 'ya'yanta biyu za su rabu a kan wasan wuta. Kai kana can, ni ce nake nan ina lallashi.

Jiya na biya ta shagon Tela. Ya kwashe kaya, keken ɗinkin ya bar wa maƙwabcinsa, rokar kaɗai ce jingine a bango. Ya ce in na zo taro kada in manta da littafi, yana son ya ga sunansa a ƙarƙashin naka kafin idon ya rufe gaba ɗaya. Ya ce zama na biyu a bayanka, ɗan Malam, ba abin kunya ba ne. Sai da na kawar da kai na yi kamar ina duba wayata.

Takardar tana wurinka. Saura kwana goma sha shida. Sa hannu ba ya cin minti ɗaya, ko a cikin taron naka za ka iya yi.

Ka gaida gida.

Ƙanwarka,
Auta


Juma'a, 21 ga wata

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya. Mu ma da sauƙi.

Na ga bidiyon da ka turo. Ban san akwai wani a wayarka ba, wanda ya fara tun muna sauke kaya daga mota. Ba sai ka zana kibiya a kai ba, na gane hannuwana. Na gane jan agogon da Baba ya saya mini da na gama makaranta. Ni ce na zura sukudireba a 'yar kafar da ke jikin rokar na murɗa, gyare ya fara kuka.

Wallahi na manta, sai da na gani komai ya dawo. Ni na haɗa wayoyin batir ɗin da darma a safiyar ranar, karo na farko da Baba ya yarda in taɓa, duk hanya ina tsoron kada ya ƙi kawowa in kunyata ka. Muna tsayawa na ce bari in gwada in ji. Ya kawo, na yi farin ciki, sai Baba ya ƙwala mini kira in zo in kama masa sandar harbi. Na ruga ban kashe ba.

Kwana biyu ban buɗe shago ba. Wasiƙu biyu na rubuta maka ina zazzaga maka rashin mutunci a kan laifin da hannuna ya yi. Wannan kam na ji kunya, kuma na ba ka haƙuri a kansa.

Amma ina da tambaya ɗaya. A saman tudu mai roka ne yake kunna gyare da kansa. Ka ɗora ta a kan sanda, ka ɗauko sukudireba, ka tarar yana kuka. Ka hau tudun nan gaba ɗaya da shi a kafaɗarka, dab da kunnenka. Me ya hana ka magana? Kuma me ya sa ka adana bidiyon nan shekara goma sha ɗaya, waya bayan waya?

Ba zan iya ƙara komai yau ba.

Auta


Lahadi, 30 ga wata

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa, ina fata kai da Anti da yara kuna cikin ƙoshin lafiya. Inna ta warware, jiya har ta sa an fitar mata da kujera ƙofar gida. Ta ce in gaishe ka, na gaishe ka.

Amsarka ta zo a kan lokaci, kwana biyu kafin taro. Ka ce shirun da ka yi don ka rufa mini asiri ne, yarinya ce ni a lokacin, kada Baba ya yi mini faɗa a gaban mutane. Na so in yarda, Yaya, har na fara. Amma da rufin asiri ne, da ka murɗa sukudireban nan ka kashe ka sake kunnawa, daƙiƙa goma, ba wanda zai sani har abada. Ba ka yi ba. Ka ji kukan, ka dubi tudun, ka yi lissafinka, ka bar shi. Sannan ka ajiye bidiyon don ranar da zan buɗe baki. Ƙarshen saƙon naka ma ya gama tona ka, inda ka ce yanzu tunda kowa yana da nasa, sai mu yi shiru mu biyu a wuce wurin.

Ka san ni sosai, na yarda. Ka san akwai doka ta biyu a ƙarƙashin ta farko, cewa mai riƙon littafi idan aka sami kuskure daga gare shi sai ya miƙa wa wani. Ka san littafin nan shi ne kaɗai abin da Baba ya ba ni ni kaɗai. Ka yi zaton ba zan iya rabuwa da shi ba. Ni ma haka na yi zato, har safiyar taron. Na zauna a shago na buɗe shafin farko ina kallon rubutunsa, sai na sake karanta dokar a hankali. Ba a soke layi sai wanda ya yi kuskuren ya sa hannu. Baba bai ce mai roka ba. Kusan wata guda ina bin ka ina roƙon sa hannunka, ashe nawa ake bukata, kuma kai da kanka ka turo mini shaidar.

An yi taron a bayan shagona kamar kullum, mu goma sha huɗu a kan benci. Na jona waya a talabijin na nuna musu bidiyon naka tun daga farko, na tsayar da shi daidai kan jan agogon, na ce hannuna ne. Ban ambaci abin da ka ji ko abin da ba ka ji a saman tudu ba. Wannan tsakaninka da Allah ne, kuma ba don kai na yi shiru ba, don Inna ne. Safiyo ya tashi ya karanta awonsa. Na ɗauko rula na ja layi ɗaya siriri a kan 1,508, yadda rubutun Baba zai ci gaba da karantuwa. A gefe na rubuta 1,467, na rubuta dalili, na sa hannu.

Ka san wanda ya fi kowa gardama? Tela. Ya ce shi bai zo karɓar abin wani ba, a bar wa ɗan Malam kayansa. Sai da Safiyo ya maimaita masa lissafin sau biyu, yana bi da yatsu, kafin ya daina gardama. Ya ce a kawo masa littafin. Ya fito da gilashin da yake zura zare da shi, ya kai shafin har kan hancinsa, ya daɗe yana nema. Bai iya karantawa ba, Yaya. Mun makara da 'yan makonni. Ni na kama yatsansa na ɗora a kan layin, na karanta masa da ƙarfi: Tela, mita 1,481, na ɗaya. Ya bar yatsan a wurin har aka fara tattara benci. Da ka sa hannu tun wasiƙata ta farko, da da idonsa ya gani. Wannan ma na rubuta shi, ba a littafi ba.

Daga nan na rufe littafin na miƙa wa Safiyo. Wasu sun ce a yi mini afuwa, kuskuren ya riga riƙon littafin. Na ƙi. Wata guda ina buga maka doka a ka, ba zan zo kaina in nemi rangwame ba. Amma kada ka ɗauka da sauƙi na yi. Yau da safe na jawo aljihun teburin da nake ajiye shi, na tarar ba komai sai rula da biro, na zauna na yi kuka mai isata.

Na gaya wa Inna duka, har da laifina. Ta ce Babanku ya taɓa hana kansa barcin rana a kan mita biyu da suka ɓace masa a lissafi, balle arba'in da ɗaya. Sannan ta ce in zuba mata ruwa a buta.

Jiya 'ya'yan Tela suka zo da mota. Kafin ya shiga ya miƙo mini wani ƙunshi. Laimarsa ce, wadda ta sauko da rokarsa, a ninke tsaf. Ya ce ba zai ƙara ɗinka wata ba, kuma bai ga amfanin ta tsufa a akwati ba, tunda yanzu hannuwana sun huta da biro. Na riga na share teburin bayan shago, na auna bututun rokata, gobe zan yanka.

Takardar da ke bangon ofis ɗinka taka ce, ka bar ta ko ka sauke, ba zan aiko a karɓa ba. Tsohon gyaren kuma yana cikin ambulan ɗin nan, na cire masa batir don kada ya dame ka a taro. A littafi dai kai ne na biyu yanzu. Ka ji daɗin wurin kafin baɗi, don 1,467 nake nema in wuce, kuma a saman tudu zan kunna.

Ka gaida Anti da yara. Ka kira Inna, lambarta ba ta canza ba.

Ƙanwarka,
Auta